Yadda Na Isa Gummi Hannu Rabbana

Gusau

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar masaukina a Gusau. Kwana uku ke nan da barina Kumasi, inda aka haife ni, inda kuma nake sayar da kayan gyaran mota. Gummi na nufa, garin marigayi mahaifina, don in gaishe da yayarsa, Gwaggo Hajara, wadda ban taɓa gani ba. An aiko mana cewa jikinta ya yi rauni. A aljihuna akwai katin bankina na Gana, da sidi kaɗan, wato kuɗin Gana, da ragowar nairar da na canza a Legas. Ban damu ba, tunda katin ya yi mini aiki a otal a can.

Anka

Mun wuce shingayen jami'an tsaro huɗu, muka shiga Anka takwas saura. Na sha shayi da burodi na naira dubu, sannan na nufi rumfar mai POS. Ya gwada katin sau biyu, ya juya shi yana dubawa.

"Malam, wanga kati na wace ƙasa na? Ba shi shiga nan. Sai dai ka yi taransfa."

Na ce ba ni da asusu a Najeriya. Ya ce in koma Gusau in gwada babban banki. Girman kai ya hana ni. Na ce wa kaina laifin na'urarsa ne, na ba direban Bukkuyum ragowar nairata.

Bukkuyum

Sha ɗaya da rabi muka sauka, ranar kasuwa ce. Na zaɓi atamfa turmi biyu na tsarabar Gwaggo, na yi ciniki da ƙarfina, har da cewa a Kumasi ta fi haka araha. Mai kanti ya ƙulle mini kaya. Masu POS uku aka kira, duk katin ya ƙi. Na fito da sidi, sai ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, ana kallon hotunan jikinta. Mai kanti ya kwance ƙullin, ya mayar da atamfar wurinta.

"Ba komi, baƙo," in ji shi.

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Wani dattijon Bafulatani da ya sayar da maraƙi yana tsaye yana gani. Ya tambayi inda za ni, na ce Gummi wurin gwaggona, ya ja ni tasha, ya biya mini mota. Na nemi sunansa.

"Kai dai ka gaishe da tsohuwa," ya ce, ya juya.

Gummi

Bayan la'asar muka isa. Gida ya cika, an yanka kaji, an yi tuwon shinkafa da miyar kifi. Yara suna ta kallon jakata, babu ko alewa a ciki. Gwaggo ta shafa fuskata ta ce hancin ubana ne.

Da safe na faɗa mata gaskiya, kaina a ƙasa. Ta kwance haɓar zanenta, ta danƙa mini duk abin da ke ciki, wai na mota. Ɗanta Bello kuma ya kai ni wurin wani ɗan kasuwar shinkafa da ƙaninsa ke zaune a Kumasi. Matata ta tura wa ƙanin sidi ta waya, ɗan kasuwar kuma ya ba ni naira a hannu. Na sayi atamfa, na dawo na miƙa wa Gwaggo tare da kuɗinta. Ta karɓi atamfar, ta ture kuɗin.

"Randa ubanka yab bar garin ga, ban ba shi ko kwabo na guzuri ba. Wanga nashi na."

Na sa kuɗin a aljihuna.

Kumasi

Na kwana huɗu a Gummi, na iso gida ranar Laraba da azahar. Duk mai niyyar wannan hanya, ya canza nairar da za ta ishe shi tun daga birni. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bello, da dattijon Bukkuyum, Allah ya yi wa dukiyarsa albarka. Kuɗin Gwaggo kuwa na kai wa mahaifiyata, na ce guzurin Baba ne ya iso.