Jar tutar da Sadisu bai warware ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Sadisu, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, nan ƙasar Larabawa, amma har yau idan na ji taya ta yi ƙara a kan kwalta sai na waiwaya ina nemansa. Mutumin Malumfashi ne, dogo, mai dariya kamar ba shi da damuwa a duniya. Ni da shi direbobin gida ne a unguwar Nu'aija, kowa da kafil ɗinsa, wato mai gidan da ya ɗauko shi aiki.

Idan sanyi ya shigo, ranar Asabar mukan tafi wani makeken filin ajiye motoci a bayan Rayyan, inda masu motocin gudu ke gasa. Ana jera robobi masu tsini a zana hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga, a duba lokacinta, sannan wata ta biyo. Aikinmu tsaron kwana. Idan mota ta ture roba, ka tayar da ita. Idan wata motar ta riga ta taso, ba za ka shiga ba, sai ka ɗaga jar tutar da ke hannunka direba ya tsaya. Dokar ke nan, kuma Sadisu ya fi ni saninta.

Motocin nan suna da wata na'ura da ke kama su idan sun fara zamewa, ta taka birki da kanta kafin direba ya ankara. Samarin kuwa kashe ta suke yi, wai don gindin mota ya riƙa wutsilniya a kwana. Sadisu yakan girgiza kai ya ce, “Lawal, ka ga ikon Allah. Mota ta fi mai ita hankali, shi ne ya toshe mata baki.”

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina kwanar da ke kallon tasa. Wata mota ta ture roba ta bar ta kwance a tsakiyar hanya. Kafin Sadisu ya motsa, an riga an saki mai biye, kuma mai biyen Fahad ne, ɗan kafil ɗinsa, wanda Sadisu ya sha kaiwa makaranta. Da wani ne a motar, na rantse da ya ɗaga tuta. Amma mu an rene mu a kan cewa ba ka ɗaga wa ɗan mai gida hannu ka tsayar da shi a gaban jama'a, gara ka wahala ka gyara masa hanya. Sai na ga ya matse tutar a hammata ya ruga. Iska ta watso yashi a kwanar, na'urar kuma a kashe take. Motar ta juya, gindinta ya same shi yana sunkuye da robar a hannu. Bai kai asibiti ba.

Ni na ɗauki tutar daga ƙasa. Tana naɗe, da ɗan kyauron roba da ake ɗaure ta da shi, ko warware ta bai yi ba. Wannan kyauron ya fi jinin tsaya mini a rai.

Da Sadisu zai dawo yau ya ga filin, da ya yi dariyar nan tasa. An sa shingen robobi cike da ruwa, an mayar da masu tsaro cikin kwana inda mota ba ta zamowa, an ba mu rediyo, ana share yashi kafin a fara. Sabon shiga ba ya taɓa maɓallin na'urar, in ya taɓa a kore shi. Na san abin da zai ce: sai da na mutu kuka yi hankali? Sai dai duk gyaran nan bai taɓa abin da ya kashe shi ba, domin ba a kwalta yake ba, a ƙirjinmu yake.

Fahad bai sake shiga gasa ba. Duk shekara yakan zo ya tsaya bayan shinge, sannan ya tafi. Sau ɗaya ya taɓa yi mini magana, idonsa jajir, ya ce, “Wallahi da ya ɗaga da na tsaya.” Na yarda da shi, kuma yardar ce ke ci mini rai. Ina jin haushin Sadisu, ina kewarsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Asabar da ta wuce aka gwada ni. Roba ta faɗi a kwanata, motar da aka saki kuwa ta mai gidana ce, mutumin da takardun zamana a ƙasar nan ke hannunsa. Ƙafafuna suka fara gaba da kansu, wallahi har na yi taku. Hannuna ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun gero. Na ɗaga tutar. Ya taka birki, ya sauke gilashi ransa a ɓace, ya ce, “Lawal, mene ne kuma? Ka ɓata mini lokaci!” Na ce, “Yi haƙuri ranka ya daɗe, roba ce a hanya.” Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Khalas, shi ke nan. Yalla, maza gyara.”

Na taka a hankali na tayar da ita. Abin ke nan gaba ɗaya, ko minti bai ci ba, kuma ba wanda ya kore ni. Nan na tsaya hawaye na zuba, don na ga ƙanƙantar abin da Sadisu ya ba da ransa a kai.

Bai bar dukiya ba, sai mata da 'ya ɗaya a Malumfashi, da mu da muka san dariyarsa. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta. Duk ɗan Arewa da ya zo sabo filin nan, kafin na nuna masa inda zai tsaya, nakan karɓi tutarsa na cire kyauron, na jefa shi a aljihuna.