Fitilun da Aka Ɗaga Sama

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni kasuwar 'Yankara duba fitilun motar Alhaji Mani ba. A shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, duk wanda ya sayar da auduga sai ya fara tambayar farashin mota. Lokacin ina garejin Malam Habu a Ƙanƙara. Shi ne shugaba, a ƙarƙashinsa akwai makanikai masu inji da mai walda, sai ni mai wayarin, wato batir da waya da fitila duk nawa ne. Makanikan nan ba su ɗauke ni a bakin komai ba, wai rigata ba ta baƙi. In na ce su tayar da mota ba batir mu gani, sai su ce ai akwai turi.

Da hantsi Malam Habu ya kira ni. "Isuhu, ɗauki kayanka ka tahi 'Yankara. Motar Alhaji Mani ba wutar birki, sigina ma ta mutu. Ka yi a hankali, abincin mutum ke rataye."

Mutumin da yake nufi shi ne Malam Sale, direban motar, ɗan Tafoki, mai iyali. Ga abin da ya faru. A kan hanyar Sabuwa shanu suka gitta masa, ya taka birki, wata a-kori-kura da ke biye ta zo ta sumbaci bayansa, don ba ta ga jar wuta ba. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo. Amma Alhaji ya tsaya a tasha ya ce sabuwar mota ba ta makancewa haka kawai, Sale ne ya cire kayan kamfani ya sayar, ya sa tsofaffi. Har ya karɓe makulli. Ku da kuke koyon aiki a garejin nan nawa kun san direban da aka kora da sunan satar kayan mota, daga Funtuwa har Gusau ba mai sake ba shi sitiyari.

Na tarar da motar a gindin wata bedi, babba ce mai bodin katako, an zuba mata fenti kore da ja, a ƙyauren baya an rubuta "Sannu Ba Ta Hana Zuwa". Alhaji na zaune a tabarma da abokan cinikinsa na hatsi, 'yan kallo kuwa sun fi masu sayen dawa yawa. Malam Sale yana tsugune can gefe yana zane ƙasa da tsinke. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Na roƙi Alhaji ya ba shi makulli na ɗan lokaci, don aikinmu sai da mai taka birki. Ya miƙa yana kallon wani wuri.

Aikin nan tsari gare shi, kuma daga mai arha ake farawa. Na duba fis, lafiya lau. Na shiga ƙarƙashin sitiyari na gwada makunnin da ke jikin birki, wanda ke sakin wuta in an taka, shi ma yana aiki. Na ce a kunna sigina: ta gaba tana ƙifci, ta baya shiru. Sai wani daga cikin 'yan kallo ya yi salati, wai ana taka birki ƙananan fitilun gaba suna ɗan ja. Nan take aka ce aljannu ne, har wani ya ambaci malamin da ya kamata a ɗauko daga 'Yargoje.

Na zagaya baya in cire ƙwayayen fitilu, sai na ga hannuna bai kai ba. Fitilun suna can sama a jikin katako, ɗaya a dama da rubutun, ɗaya a hagu. Sai da aka mirgino mini durom na hau. Ƙwayayen na kamfani ne, da tambarinsu, ko yatsa bai taɓa su ba. Na sa fitilar gwaji, wuta tana zuwa har bakinsu. Da na sauko na leƙa ƙasa, ga ƙarfen da aka yi wa fitilun tun asali a jikin shasi, wato ƙarfen gindin mota, ramukan ƙusoshi fayau.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, wutar mota ba ta zuwa ta zauna. Waya ce ke kawo ta, ƙarfen motar ke mayar da ita batir. In ka ɗaure fitila a katako, ka rufe mata hanyar komawa, sai ta yi ta laluben wata, abin da ya sa na gaba suke ja ke nan.

Na matsa kusa da tagar direba na yi ƙasa da murya. "Malam Sale, wa ya ɗaga hitilun nan?"

"Na tahi gida bikin suna, na dawo na iske su can."

"Ba ka tambaya ba?"

"Motar Alhaji ce, Malam Isuhu. Mi zan ce?"

Nan na gane inda gizo ke saƙar. Alhaji ne da kansa ya sa kafinta ya ɗaga su don su ƙawata rubutu. In na faɗa a gaban jama'a, na kunyata dattijo a kasuwarsa, kuma mai kuɗin da aka kunyata a kan na ƙasa yake hucewa. In na gyara na yi shiru, Sale ya tafi da sunan ɓarawo.

Sai na yanko waya mai tsawo, na ɗaura bakinta a gindin fitila, na je na rusuna. "Alhaji, hannuwana sun yi kaɗan. Ko za ka taimaka ka riƙe mani wannan?"

Ya taso yana gyara babbar riga. Na ce wa Sale ya taka birki kada ya saki. "Alhaji, taɓa katakon nan da ita." Ya taɓa, shiru. "To taɓa ƙarhen can na ƙasa." Yana taɓawa fitila ta kama jawur. 'Yan kallo suka ɗauki sowa. Ya ɗaga, ta mutu. Ya mayar, ta kama. Ya yi ta yi kamar ya sami abin wasa, can sai na ga fuskarsa ta canja. Ya dubi ramukan ƙusoshi, ya dubi sama.

"Katako ba shi ɗaukar wuta?" ya tambaye ni a hankali.

"Ba shi ɗauka, Alhaji."

"Ƙwayayen fa?"

"Na kamfani ne, duka."

Ni dai na sunkuyar da kai ina naɗe waya. Sai Alhaji ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "To kun ji. Ni na sa aka ɗaga su, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sale bai ɗauki komi ba, na ɗau alhakinshi." Ya leƙa taga. "Malam Sale, ka yahe mani. Gobe akwai lodin masara a Sabuwa."

Malam Sale ya yi ta gyaɗa kai, kuma har lokacin ƙafarsa tana kan birki, don ba wanda ya ce ya saki.

Na ce bari in mayar da fitilun mazauninsu. Alhaji ya ce atafau, a nan sama yake son abinsa. Haka na ja musu waya daga katako zuwa shasi, na kankare fenti na ɗaure tamau, birki da sigina duk suka dawo.

Tun daga ranar, kafin in buɗe akwatin kaya sai na tambaya me aka taɓa a motar kwanan nan, kuma wa ya sa aka taɓa. Ku ma ku riƙe wannan. In an kawo muku mota ana zagin direba a kan wutar baya, kada ku yi saurin sa baki. Duk faɗin titi kowa yana ganin fitilar birkinsa, sai shi kaɗai da ke takawa.