Hashimu da Ƙofar Motar Marigayi

Hashimu bai yi niyyar zama mai fenti ba. Shekarar da ya fara zuwa cin rani Kano, dako ya je yi, ya samu wurin kwana a bayan wani garejin gyaran jikin mota. Wata rana mai garejin ya gama fesa wa wata farar mota fenti, Hashimu ya zo wucewa da buhu a ka, ya tsaya ya ce fari biyu ne a jikin motar nan. Mai garejin ya zage shi tas. Da Hashimu ya tafi, sai mutumin ya sa aka turo motar cikin rana ya duba, washegari kuwa ya ba shi aiki.

Rani goma sha ɗaya ya yi yana zuwa, damina ta faɗi ya dawo gonar hatsi. Da hanya ta ishe shi, ya kafa rumfa kusa da tashar Matameye, yana fesa tankunan babura da motocin kasuwa. Idon nan nasa bai bar kowa ya huta ba. Matarsa Maryam ta daina nuna masa zane idan ta sayo, don sai ya ce mayafin ya fi shi duhu da kaɗan. Ya taɓa gaya wa liman bayan sallar Juma'a cewa hularsa da rigarsa ba fari ɗaya ba ne.

Shekara ɗaya da 'yan watanni da suka wuce, Hajiya Najaha ta aiko a kira shi. Mijinta, marigayi Alhaji Marwan mai fataucin wake, ya bar wata tsohuwar Fijo 404 a tsakar gida, ƙarƙashin itacen dogon yaro. Tun rasuwarsa, shekara goma sha tara, ba ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, amma duk Juma'a sai an goge ta. Ragon da Hajiya ke kiwo don Layya ne ya tsinke igiya ya tunkuyi ƙofar direba, ta loɓa kamar gindin ƙwarya, fentin ya tsattsage.

"Yadda ya bar ta nake so," in ji Hajiya. "Kada a ƙara, kada a rage."

"Hajiya, wace kala ce motar?"

"Kore ce mana. Ba ka gani?"

Ta kira ɗanta Bashir a waya, wanda ke koyarwa a Damagaram. Bashir ya ce takardun motar na hannunsa, shuɗiya aka rubuta. Hashimu ya zagaya motar sau uku bai ga kore ba, bai ga shuɗi ba. Gefen gabas ya yi kama da kunun da ya kwana, rufin ya koma ruwan toka, gaban kuma, inda kaji ke hawa, ya rasa abin da zai kwatanta shi da shi.

Ya buga loɓar ta ciki ta miƙe cikin yini ɗaya. Ya ce ba zai taɓa tsohon fentin ba sai ya samu kalar tukuna. Tunda motar ba ta zuwa rumfa, ya kwaso gwangwanayensa ya kawo gidan. Yakan haɗa kala, ya shafa a murfin gwangwanin madara, ya bari ya bushe, ya kara a jikin motar. Wanda bai yi ba ya huda shi ya rataye a igiyar shanya. A mako na uku murafe sun wuce arba'in, iska na kaɗa su suna ƙara.

Maƙwabta suka ɗauka magani ne. Wani mai shago ya zo ya roƙi guda ɗaya. Hashimu ya rantse masa cewa fenti ne kawai, kuma wanda bai yi daidai ba, mutumin ya ce ai haka masu abu suke faɗa. Ya ba shi don ya rabu da shi. Aka yi dace shagon ya yi ciniki ranar kasuwa, kafin mako ya zagayo igiyar ta koma wayam.

Babbar matsalar ita ce rana. Abin da ya dace da hantsi, da azahar sai ya bambanta. Hashimu ya rame, abinci ma yakan tsaya yana kallon miyar kuka kafin ya ci. A ƙarshe ya durƙusa gaban Hajiya ya tambaye ta yaushe take kallon motar.

"Bayan la'asar, idan na fito shan iska."

Daga ranar ya daina zuwa sai bayan la'asar, ya yi aiki har inuwar katanga ta kai ga motar, sannan ya tattara. A mako na bakwai ya ɗiga ɗan rawaya da ɗan baƙi a wani haɗi, ya manna murfin a jikin motar da ƙaro, ya ja da baya don ya duba. Ya nemi murfin ya rasa. Sai da ya koma yana shafa motar da tafin hannu kamar makaho kafin ya same shi. Ya zauna a ƙasa ya yi hamdala.

Washegari ya fara kankare ƙofar. Takardar yashi ta cinye fentin sama, ta cinye farar shimfiɗar da ke ƙasansa, sai ga ja, ja wur kamar barkono. Ya leƙa gefen sauran ƙofofin uku ya ɗan kankara, babu ja ko ɗigo. Ƙofar wata motar ce dabam aka ɗaura. Ya yi niyyar rufe wurin da tsumma, amma Hajiya na zaune a kan tabarma, taku biyar tsakaninsu.

Ta ƙura wa jan fentin ido. Can ta ce, "Shekarar da na yaye Bashir, Alhaji ya tafi kasuwar Yauri da motar nan, ya yi kwana huɗu. Ya ce mini ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Har kunu na riƙa dama masa na mako guda."

"Wataƙila haka ya sayo ta, Hajiya."

"Sabuwa ya sayo ta. Shekara talatin yana gaya wa mutane ko kaza bai taɓa bugewa ba. Ni ma na faɗa wa duk wanda ya zo ta'aziyya." Ta gyara zama. "Kankare ta duka. Bar ta ja."

Hashimu ya ɗago gwangwanin da hannu biyu ya nuna mata, ya ce mako bakwai ne a ciki. Ta ce ya kai gida.

Haka motar ta zauna da jar ƙofa. Duk matar da ta shigo gaisuwa, sai an kai ta ta gani, an ba ta labarin ciwon ciki. Hashimu ya ajiye gwangwanin ƙarƙashin gado, Maryam na fitar da shi saboda wari, shi yana mayarwa.

Bayan ƙaramar Sallar bana Hajiya ta sake aikowa. Ta ce ta huce, Alhaji mutumin kirki ne, a rufe masa asiri. Hashimu ya zo da murna, ya buɗe gwangwanin, ya gwada. Kalar ba ta yi ba. A cikin wata goma sha huɗun nan an sare reshen da ke yi wa wannan gefen inuwa, rana ta ci motar ta ƙara koɗewa.

Ya gaya wa Hajiya. Ta ce to, ai ya san hanya.

Yanzu yana mako na biyu. Masu babura sun san idan ba su kawo aiki da safe ba, sai gobe. Sharaɗi ɗaya Hajiya ta ƙara a wannan karon: idan ya zo fesawa, ya bar ja a ƙasan ƙofar, daidai faɗin babban yatsa, inda baƙo ba zai lura ba amma ita za ta hango daga tabarmarta.