Ƙwan zabin mahaifiyata da akwatin da na haɗa

Shekarun baya, lokacin da na dawo Daura da ɗan ilimin lantarkina, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro wutar, na haɗa akwatin ƙyanƙyasa. Katako ne, da fitila mai ɗumama ciki, da fanka, da ƙaramin inji mai juya ƙwai. Mai ba su umarni duka wani ɗan allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake tsara wa aiki da kwamfuta.

A daminar shekarar cuta ta share zabin mahaifiyata kaf. Yayarta ce ta bar mata irinsu kafin ta rasu, kuma ƙwai goma sha huɗu kawai suka rage. Kamar yadda kowa ke yi, ta sa wa wata kaza mai kwanci. Ni kuwa na tasa ta gaba.

"Inna, kaza fa tana iya tashi ta bar su. Akwati ba ya tashi."

"Kazar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji ta. "Amma tunda kai ka yi boko, ɗauki."

Da hannuna na ɗaga kazar, tana sarana, na kwashe ƙwan.

Tun ranar farko na ga alama. Da injin juya ƙwai ya tashi, sai allon ya ɗauke ya sake farkowa. Na gwada kowane ɓangare shi kaɗai, lafiya lau. Na zargi umarnin da na rubuta, na sake shi. Na zargi na'urar auna zafi, na canza ta, har da zagin mai shagon a zuciyata.

Abokina mai gyaran waya a kasuwa ya leƙo, ya ɗora mitarsa ta auna wuta, muka jira injin ya tashi. Lambar ta faɗo ƙasa a idona.

"Injiniya, gida guda ka ɗora wa cajar waya ɗaya," ya ce. "Har injin ta jikin allon yake shan wuta. Ka ba injin tasa wutar daban, ka haɗa musu wayar ƙasa. Kafin nan mai da wa kaza ƙwanta."

Na yi masa wata dariya da har yau nake jin kunyarta. Na ce aikin nan ba canza bakin caji ba ne. Ya naɗe wayoyin mitarsa ya tafi.

Ranar Juma'a ta biyu ina masallaci, injin ya tashi, allon ya ɗauke, wannan karon ya daskare da fitila a kunne. Da na dawo, murfin akwatin ba ya taɓuwa don zafi. Na fasa ƙwai ɗaya a bayan ɗaki. Akwai ɗan tsako ciki, har ido ya fito.

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kwashe sauran a ƙwarya, ta ce, "Allah bai yi za su rayu ba." Na san ba haka ba ne kawai. An gaya mini, na ƙi ji.

Washegari na bi maganar abokina, don in huce. Ko minti ashirin gyaran bai ci ba, kuma allon bai sake ɗaukewa ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Yanzu duk abin da zan haɗa, wutarsa nake fara aunawa, kuma ba na gwaji da abin da ba a iya sayo wani. Na sha kawo mata zabi daga kasuwa. Takan karɓa ta sa albarka, ta watsa musu dawa, amma ban taɓa jin ta kira su zabin Yaya ba.