Ranar da Mai Majigi Ya Rikita Faifai a Madakiya

Shekarun baya, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, na dawo gida Madakiya da takardar malanta, ina jin kaina a sama. Na yi karatu a Zariya, na shiga silima har na gaji, na iya cin shinkafa da cokali mai yatsu. A ganina ba abin da ya rage mini a duniya.

Gidanmu kuwa ya yi tsit. Yayana yana cikin samarin da suka tafi soja, bai dawo ba. Wani abokinsa ya zo ya tabbatar mana a gabansa ya faɗi, amma ba a kawo gawa ba, don haka mahaifiyata ta ƙi yarda a yi masa addu'ar ƙarshe a coci. Fasto ya yi sawu har ya gaji. Ta daina zuwa zumuntar mata, ta daina waƙa, ta rame. Duk ranar da jirgin Kudu zai shigo, sai ta ƙulla tuwon acca a kwano ta kama hanyar tashar Kafanchan, ta tsaya tana duba fuskokin masu sauka. Da yamma ta dawo da kwanon yadda ta tafi da shi.

Bayan girbi, wata motar majigi ta zo filin makarantarmu. Aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin itatuwan mangwaro, aka tada janareta da faɗuwar rana. A lokacin idan fim na Turanci ne, sai mata su kewaye wanda ya yi boko a kan tabarma, shi yana fassara musu. Ni aka zaɓa, kuma ban yi ko kawaicin ƙi ba. Da ƙyar na lallabo mahaifiyata, na ce ta zo ta ga 'yarta tana aiki.

Da hoton ya fito sai gabana ya faɗi, domin na taɓa kallonsa a Zariya. Tsohon fim ne marar kala, labarin wasu talakawan manoma a wata ƙasa mai duwatsu irin namu. Akwai uwa, akwai ɗanta mai barkwanci da jakinsa mai taurin kai. A faifai na farko saurayin zai tafi aikin jirgin ruwa. A na biyu zai zo hutu gida. A na uku zai koma, ruwa ya ci shi, a kawo wa uwar hularsa kawai. Na dubi mahaifiyata na ji kamar in ja ta mu gudu, amma mata sun riga sun danne mini zane.

Har yau ina ganin wannan yammacin kamar a mafarki. Ƙwari suna iyo cikin hasken majigi, iska tana kaɗa ƙyallen har duwatsun fim su yi ta rawa, ƙanshin ɗanyar citta yana tasowa daga bayan gidaje. Saurayin nan ya iya wasa. Ba ya ihu, ba ya tsalle. Zai dubi jakin, jakin ya dube shi, ya cire hula ya roƙe shi da ladabi kamar mai gaida suruki. Filin ya kece da dariya, ba wanda ya nemi fassarata. Na ji kafaɗar mahaifiyata ta motsa kaɗan a jikina.

Faifai ya ƙare, mai majigi ya laluba cikin gwangwanayensa ya saka wani. Sai ga uwar da furfura, ga baƙo a ƙofa riƙe da hula. Ashe na uku ya ɗauko! Na fassara da muryar da ba tawa ba. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta karɓi hular, ta kaɗe ƙurar jikinta, ta rataye a ƙusa inda ya saba ratayewa. Mata suka yi ta share hawaye. Mahaifiyata ko motsi ba ta yi ba.

Mutane sun fara naɗe tabarma, mai majigi ya ɗaga murya: "Ku zauna, jama'a, da sauran ɗaya!"

Haske ya dawo, sai ga saurayin yana gangarowa daga tudu da jaka a kafaɗa, yana fito. Filin ya rikice. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Maƙwabciyarmu ta damƙe hannuna: "Malama, shi bai mutu ba? Ke faɗa mana mana!"

Gaskiya tana bakina, kuma ni ba na iya riƙe abin da na sani. Amma na waiwaya na ga mahaifiyata ta miƙe a kan gwiwoyinta, hasken yana wasa a fuskarta. A kan ƙyallen, uwar tana sheƙar hatsi. Ta hango shi. Ta ajiye faifan sheƙar a hankali, ta goge hannu a zane, ta sake gogewa, kamar ta manta ta riga ta goge. Da ya iso, magana ɗaya ta yi masa. Na fassara ta yadda take: "Ta ce, ka ci abinci?"

Ban ƙara komai ba, ban kuma rage ba. Aka watse ana cewa Allah mai iko.

A hanyar gida tsoro ya kama ni. Na ce a raina yanzu kam na ƙara mata ƙarfin zuwa tasha, sai ranar da ta faɗi a hanya. Mun kusa rafi na daure na ce, "Mama, fim ɗin nan..."

"Na sani," in ji ta. "Gashin matar ya koma baƙi. Mutum yana tsufa ya koma baya?"

Muka tsallake rafin.

"Ni kullum ina tunani, in yayanki ya sauka a jirgi, me zan yi? Zan faɗi? Zan yi ihu?" Ta gyara ɗankwali. "Yau na gani. Haka zan yi, kamar waccan matar. Na tarbe shi, 'yata. Ya isa."

Tun daga ranar na daina raina aikin 'yan wasa. Na kalli finafinai da wasannin ban dariya na talabijin ba iyaka, kuma har yanzu abin da nake nema a ciki ke nan: hannun da za a goge a zane sau biyu, da magana guda da aka rubuta daidai. Fasto da dangi da ni mai takardar malanta duk mun yi iyakar ƙoƙarinmu, amma wata baƙuwa da ba ta san akwai Madakiya a duniya ba ita ta isa inda muka kasa.

Ranar jirgi ta zagayo, na ga mahaifiyata ta ƙulla tuwon acca a kwano kamar kullum, zuciyata ta karye. Sai ta miƙo mini.

"Kai wa Fasto," ta ce. "Ki ce masa ya sa ranar addu'ar."