Injin Ban Ruwan da Na Saya ta Waya

Shekarun baya, lokacin da sayayya ta waya ta fara shiga jinina, na ci karo da wani shago a intanet yana tallar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. A lokacin mahaifina ya dasa tumatir a fadamarsa ta wajen Utai, nan ƙasarmu ta Wudil, tsohon injinsa kuwa sai ya sha fetur ya ƙoshi sannan ya mutu. Na kai masa hoton ina rawar jiki kamar ni na ƙera shi. Ya tambaye ni ko na san mai shagon, na ce ai zamanin nan ba sai an san mutum ba. Ran Juma'a ya kai tumakinsa kasuwa, ya damƙa min kuɗin.

Ranar da kayan suka iso tasha, a kan babur na ɗauko kwalin ina ta danna oda ba dalili. Muka buɗe a tsakar gida, sai ga wani ɗan mitsitsin inji da ko lambun bayan ɗaki ba zai shayar ba, faifan hasken ranar ma a tsage. Mahaifina ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Da faɗa ya yi min da ya fi sauƙi.

Na kira mai shagon, ya ce in duba shafinsu, an rubuta ba a mayar da kayan da aka saya. Daga nan ya daina ɗaga wayata. Ga tumatir ya fara fure, ga ƙasa tana bushewa.

Yayata da ke aikin ofis a jami'a ita ta karɓi wayar, ta karanta hirarmu da mai shagon tun daga sallama. Ta ga inda ya faɗi ƙarfin injin, da inda na amince, da shaidar biya. Ta ce, "Ai wannan yarjejeniya ce, ƙanena. Don an yi ta a waya ba ya hana doka ta san da ita. Kuma rubutun shafinsa bai ba shi izinin turo maka abin da ba ka saya ba."

Ta nuna min yadda ake kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, muka tura hotunan komai. Ni dai ban sa rai ba. Muka ari injin maƙwabci muna lallaɓawa.

Bayan wasu makonni wayata ta yi ƙara, sai ga mai shagon da muryar ladabi, har da "ranka ya daɗe". Wai kuskure aka samu wajen lodi, ga injina na gaskiya a hanya, kuɗin mota ma a kansa. Na yi tsalle har na bugi ƙofa da goshi.

Da injin ya iso aka haɗa shi a bakin kogi, rana ta haska, ruwa ya feso da ƙarfi ya jiƙa mahaifina har hula. Ya fashe da dariya yana kiran maƙwabtan gona su zo su gani, ni kuwa ina gudu tsakanin kunyoyi da wando a naɗe.

Har yau ina saye ta waya, amma ba na goge hira sai kaya sun zo na gwada. Kuma yanzu na san ko daga Wudil mutum ya yi magana, akwai inda za a ji shi.