Angon Daren Asabar

Wendell Mabry gyaran injin wanki yake yi a Baltimore. Dogo ne marar magana, irin mutumin da zai shigo gidanka ya durƙusa bayan inji, ya zaro safa ɗaya da ta toshe bututu, ya miƙa maka ya tafi, ka rasa ko ya gaishe ka ko bai gaishe ka ba. Bai taɓa aure ba. Ɗakinsa yana saman wani shagon taya, daga shi sai rediyo sai tukunyar kofi. Yayarsa da ke Delaware takan buga masa waya ran Lahadi ta yi ta zuba, shi kuwa daga "to" sai "haka ne", har ta gaji don kanta ta ajiye. Duk maganar da Allah ya hore masa ta mako guda tarawa yake yi, ya kai ta sinimar Larkin daren Asabar, ya kashe ta a tambaya ɗaya.

A Larkin, da sha biyun dare, fim ɗaya ake sawa tun kafin a haifi rabin masu kallonsa. Fim ne na rawa da waƙa a kan wani otal na bakin teku da ke nutsewa, ma'aikatansa kuma maimakon su gudu sai waƙa. Tsakani da Allah fim ɗin bai yi kyau ba, har bakin tiyon da ke zubo ruwan ana gani. Amma mu 'yan Asabar ba kyau ya kawo mu ba. Kowa yana zuwa da tawul a wuya da 'yar ƙararrawar tebur. Manajan otal na leƙowa sai a hau kaɗawa har kunne ya yi zafi. Ruwa na shiga falo kowa ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, har tsohuwar malamar asibitin nan ta layi na uku da gwiwa ke damu. In kuku ya fara waƙar miya, a yi wa allo ruwan safa. Ga kuma amsoshi, ɗan fim ya faɗi tasa, zaure ya mayar masa da martani. Amsoshin na kowa da kowa ne, ɗaya ce tak take da mai ita.

Wajen ƙarshe, ruwa ya kai gwiwa, wani mai kwale-kwale ya buga ƙofar Odette mai sharar ɗakuna, ya miƙa mata hannu. Sai ta buɗe, ta dube mu ido cikin ido, bakinta ya motsa, amma ba a jin komai. Tsohon faifan Larkin ya sha jiki, a daidai nan muryar ta goge tun tuni. Shirun bai wuce numfashi biyu ba. Daga nan sauti ya dawo tana cewa, "A'a, ba yau ba," ta rufe ƙofa.

Wani dare yana saurayi, Wendell ya miƙe a cikin shirun nan, shi kansa bai san abin da ya hau kansa ba, ya ce da ƙarfi, "Odette, za ki aure ni?"

Ta ce, "A'a, ba yau ba."

Aka kwashe da dariya har da masu zamewa daga kujera. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Ango. Shekara talatin da 'yan kai yana neman aurenta duk Asabar, tana ƙi. Ya sayi kwat ta gwanjo, yana maƙala fure a ƙirji, sabo kowane mako. Ya zo da zazzaɓi. Ya zo ranar da ƙanƙara ta rufe gari, mu kaɗan ne a zauren, muna kallo da safar hannu. Ya zo ranar da aka cire masa haƙori, bakinsa cike da auduga, ba wanda ya gane abin da ya ce, amma dai ta ƙi. Wani ɗan jami'a ya taɓa rigansa yin tambayar. Ba a zage shi ba, ba a kuma yi dariya ba, yaron ya zauna a hankali, bai sake dawowa ba.

Mai sa fim ɗin Roz Kaminski ce, gajeruwa mai tauna cingam, wadda ba ta raga wa kowa. Ita ta tare shi wata Asabar wajen mai gugguru.

Ta ce, "Ango, amaryarka ta samu murya."

"Wace irin murya?"

"Irin ta mutane. Faifan ya mutu, an kawo sabo, wankakke tas. Wurin shirun nan naka, ashe magana take yi a ciki."

Wendell ya dubi guggurunsa. "Me take cewa?"

"Oho. Na dai ga alamar sauti tana rawa. Ni na daina sauraren fim ɗin nan tun ina da ƙugu."

A daren ya miƙe kamar kullum. Muryarsa da tata suka yi karo, ba a ji nasa ba, ba a ji nata ba, sai hayaniya kamar an kama tasha biyu a rediyo. Da ta ce ba yau ba, mutane suka yi dariyar kara, irin wadda ake yi wa maigida a wajen aiki. Wanda ya gyara fim ɗin nan, ko wane ne shi, Allah ya biya shi daidai aikinsa. Ba wanda ya aike shi.

Tsoro ya kama Wendell, tsoro na gaske. In babu shirun nan babu Ango, sai wani dogon tsoho da fure a ƙirji yana ihu a sinima. Amma mai gyara ne, ya saba in abu bai shiga ta nan ba a nema masa wata kafa. Ran Alhamis da rana ya rufe jakar kayan aikinsa ya je Larkin, ya roƙi Roz ta sa masa wurin shi kaɗai, ya auna ko tambayarsa za ta samu inda za ta raɓa.

Ya zauna a tsakiyar zaure, ba ƙararrawa, ba safa, sai warin tsohon man gugguru. Mai kwale-kwale ya buga ƙofa. Odette ta buɗe, ta dube shi, ta ce a hankali, "Na gaji, malam. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ta ɗan yi murmushi. "A'a, ba yau ba."

Roz ta tsayar da hoton, ta leƙo ta 'yar tagarta. "Ka auna? Ba kafa ko? Kwantar da hankalinka, tsoho. Ran Asabar in an zo wurin zan kashe sautin da hannuna, ka yi abinka. Ba wanda zai kai ni ƙara."

Ya ce, "To."

Labari ya zaga, ran Asabar zauren ya cika har da na tsaye. Wasu da suka daina zuwa tun da suka haihu suka dawo da tawul ɗinsu. Aka kaɗa wa manaja ƙararrawa, aka ɗage ƙafa, aka jefi kuku. Ruwa ya kai gwiwa. Ƙofa ta buɗe, Roz ta murɗe sautin, shiru ya sauka tsaf yadda muka san shi. Duk muka juya.

Wendell ya miƙe, ya gyara furensa, ya ja numfashi. A kan allo bakin Odette yana motsi, mu motsi kawai muke gani, shi kuwa yana jin kowace kalma. Kunya ta rufe shi, ba tamu yake ji ba, tata yake ji. Ya tsaya da baki a buɗe har sauti ya dawo, ta ce ba yau ba, ba tare da an tambaye ta komai ba, ta rufe ƙofa. Wani a baya ya kaɗa ƙararrawa bisa kuskure, na kusa da shi ya ce masa ya bari. Wendell ya zauna ya kalli sauran fim ɗin, har da ɗage ƙafa a inda ake ɗagewa.

Da aka tashi mutane suka riƙa wuce shi suna dafa masa kafaɗa, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Roz ta sauko daga bene tana huci.

"Na kashe maka muryar mace sukutum, ka tsaya min kamar falwaya. Haƙorin ne kuma?"

"Magana take yi."

"Ango, matar nan ta rasu tun kafin in yi aurena na biyu."

"Na sani. Mako mai zuwa ki bar mata sautinta."

Roz ta daina tauna. "Ka dai san in na bar mata, shi ke nan, ba sauran Ango. Nan da bazara yaran nan ba mai sanin ko kai waye. Ka koma mai injin wanki."

"Ai shi ne ni."

"To kai fa, me za ka riƙa cewa?"

Wendell ya cire tawul daga wuyansa ya ninke shi gida huɗu, a tsanake, ya sa a hammata.

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Bari dai ta gama."